Tagar Maradun

Ni na rubuta manhajar rabon ruwa ta ƙungiyarmu, don haka duk abin da ya lalace a ofishin ni ake nema, ko da ɓera ne ya ci wayar sola. Sunana Hashimu. A Talata Mafara in ka ce Hashimu mai kwamfuta za a nuna maka ni, a kuma ja maka kunne cewa ba ni da haƙuri. Ba su yi mini ƙarya ba. Na taɓa jifan wani da maus, ɗan linzamin nan na kwamfuta, saboda ya ce kwamfuta ce ta yi kuskure, ba shi ba. Amma a ranin da nake ba ku labari, zuciyar nan ta tafi inda ban sani ba. An binne yayana Sallau, na dawo gida, na ci tuwo, na kwanta, tun daga nan kuma zagi da gaisuwa suka zame mini ɗaya.

Ƙungiyar ta manoman rani ce, masu shan ruwa daga wani kanal, babban magudanin ruwa, da ya taso daga dam ɗin Bakolori. Kanal ɗin ya rabu uku a wata mararraba. Reshe ɗaya ya yi ƙasar Maradun, ɗaya ya zo nan Mafara, ɗaya ya miƙe Bakura. Ruwan ba ya isar ukun lokaci guda, sai dai bi da bi. A mararrabar akwai wani dattijo mai suna Manu, shi ke murɗa ƙofofin ƙarfe, ya buɗe wa wannan ya rufe wa wancan.

Shekarun baya rabon nan har sara da adda ya jawo, domin kowane mai faɗa-a-ji sai ya aika wa Manu baki: buɗe mini, rufe wa su wane. Da aka gaji sai aka tara mutanen rassan uku, aka kawo Alƙur'ani, Manu ya yi alwala ya dafa. Ya rantse ba zai sake taɓa ƙofa da maganar ɗan Adam ba, ko shugaban ƙungiya ne, ko limamin da ya raɗa masa suna, sai abin da saƙon kwamfuta ya faɗa a wayarsa. Aka ce ai kwamfuta ba ta da suruki, ba ta da abokin cin goro. Daga nan aka kira ni.

Na yi manhajar da taga uku, kowane reshe da tasa, suna jere a fuskar kwamfuta. Duk tagar da ke buɗe tana cikin layin ruwa, in ranarta ta zagayo saƙo ya tafi wa Manu. In reshe ba ya son ruwa, ko ana girbi ko ana yashe laka, sai Lantana akawunmu ta danna jan maɓallin da ke kusurwar tagar ta rufe ta, a tsallake shi.

Abin da mutane ba su gani shi ne, manhaja irin wannan ba ta da aiki sai zaman jira. Duk motsin maus, duk harafin da aka buga, duk dannawa, saƙo ne ke shigo mata, kuma dole ta tambayi kowanne daga wace taga ya fito. In ba ta tambaya ba sai ta kai abincin Bakura gidan Mafara. Mun sha wannan da farko. Lantana tana cikin rubutu a tagar Bakura sai wani ya yi sallama, ta juya a shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ya jin zafin ga, kafin a kai ƙarshe baƙon ya jingina da tebur ya ture maus. Ta juyo ta ci gaba da bugawa, ashe tagar Mafara ce ke sauraro. Ba dama ka ce mutanenmu su rage gaisuwa, gara ka ce su rage cin abinci. Sai na sa tagar da ke sauraro ta riƙa yin kore shar, sauran su dushe, aka huta.

Abu ɗaya ne ban gyara ba, don ban ɗauke shi aibi ba. Tagar Maradun ita ce uwa. Ita na fara ginawa, cikinta na ajiye agogon da ke bin ranaku yana tura saƙo, sauran biyun a jikinta suke rataye. Ba wata dabara ba ce, son kai ne kawai, mu mutanen can ne. Gonar babanmu tana ƙarƙashin tafkin dam tun ba a haife ni ba, kuma har ya rasu maganarsa ɗaya ce: mu anka cinye ma gona, mu ya kamata mu fara sha. In ka rufe Bakura, Bakura ce kawai ta tafi. In ka rufe Maradun, duka ukun sun tafi, agogo ya tsaya, ba saƙon da zai fita. In ka sake kunnawa kuma ita ce za ta fara buɗe ido. Ba wanda ya taɓa lura, domin reshen Maradun bai taɓa cewa ba ya son ruwa ba.

Sallau a wannan reshen yake noma shinkafa. Yana dawowa daga gona 'yan bindiga suka harbe shi a kan hanya, suka tafi da babur ɗinsa. Kafin sadakar uku ƙauyenmu ya watse, wasu sun yi Maradun cikin gari, wasu Gusau, wasu Sakkwato. Matarsa Kaltumi da yaransu suka zo gidana, a nan ta shiga takaba. Shinkafar kuwa tana can ta fara ciki, kuma ranar da ya baro ta ƙaramar ƙofar gonarsa a buɗe ya bar ta. Ma'ana, muddin Manu yana sakin ruwa a reshen, tana sha.

Bayan sadakar bakwai Alhaji Yari, shugaban ƙungiya, ya aiko in zo ofis. Ya yi mini ta'aziyya ta biyu, doguwa, ya yi wa Sallau addu'a, ya yi wa Baba, ya yi wa duk musulmin da suka riga mu. Ina ta cewa amin ina kallon fankar da ba ta juyawa. Sannan ya ce da Lantana ta nuna mini.

Ta kai maus kusurwar tagar Maradun ta danna. Fuskar kwamfuta ta koma wayam, sai hoton ɗawisun da ta sa a baya.

"Ka gani," in ji Alhaji. "Reshen ga ba kowa. Ruwa na zuba banza, su kau mutanen Bakura na ƙarshen kanal ranarsu ba ta isarsu, ga zafi ya tsananta. Munka ce a rufe Maradun a raba ranarta biyu, sai abin naka ya ƙi."

"Ba ƙi ya yi ba," na ce. "Haka aka gina shi."

"To a sake mai gini. Yaushe ka iya gamawa?"

Aikin wuni ɗaya ne, kai, bai ma kai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ciro agogo daga cikin tagar Maradun a ajiye shi shi kaɗai, a koya wa manhaja cewa in taga ta ce a rufe ta, ita ɗin za a rufe, ba duniya ba. Ina kallon layukan a kaina tun kafin ya rufe baki.

"Zai ɗau lokaci, Alhaji," na ce. "Sai na warware ta tun daga tushe."

Ban ji komai ba da na faɗi haka. Ko bugun ƙirji babu. Alhaji ya ce Allah shi taimaka, Lantana ta sake kunna manhajar, tagar Maradun ta fito ta yi kore.

A da, Kaltumi abokiyar wasana ce, kamar kowace matar wa da ƙanen miji. Injiniyan maɓalli take ce mini, wai ina da hannun da bai san fartanya ba, ni kuma in ce tuwonta ko jaki ya ci sai ya nemi kanwa. Takaba ta kashe wannan duka. Yanzu sai in tsuguna a bakin ɗakin da matata ta ba ta, mu gaisa kamar baƙi, tana bayan labule da carbi.

Ran nan da muka gama gaisawa ta ce, "Hashimu, an ce za a ɗauke muna ruwa."

"Wa ya ce?"

"Mata na magana."

"Ba a ɗauke ba, Yaya."

Sai ta ce marigayi ya gaya mata irin da ya dasa bana ba mai son lallashi ba ne. In shinkafar ta samu ruwa har ta fidda kai ta yi nono ta daskare, ko ba kowa kusa da ita za ta nuna. In ta nuna, ƙanen Kaltumin ya ce zai nemo masu yanka, su shiga da rakiya su kwaso ta da safe su fito kafin azahar. "Abincin ɗiyan ga ke nan na shekara," ta ce. "Ban da shi ba mu da wani abu a duniya, sai nauyin da munka ɗora maka."

Na ce ta daina wannan magana. Amma gaskiya ta faɗa, kuma ni na fi ta sani. Abin da nake samu a koyar da kwamfuta da ƙyar yake riƙe gidana ni kaɗai.

Haka na shiga zuwa ofis kullum da ƙaramar kwamfutata, in buɗe, in zauna ina kallon layuka. In Alhaji ya leƙo sai in yi ta gangarawa sama da ƙasa kamar mai neman allura. Ba wanda zai karɓi aikin daga hannuna, don tushen manhajar a wurina yake, kuma ba wanda ya san kanta a garin nan sai ni. Kada wani ya zo ya ce mini ban san haram ba ne, na sani sarai. Sanin ne kawai bai kai ko'ina a jikina ba. Duk ranar da layi ya zo kan Maradun, sai in ji ɗan ƙaran nan na fitar saƙo, in san Manu ya murɗa ƙofa, in tashi in je in sha shayi.

Alhaji da kansa ya hau mota ya je wurin Manu, ya roƙe shi ya tsallake Maradun ko da saƙo ya zo. Ya dawo fuska a murtuke. Manu ya ce masa da Alƙur'ani ya rantse gaban mutanen rassa uku, in ana so a kwance shi a tara masa mutanen rassa uku. Ina za a samo na Maradun? Alhaji ya ce ai lalura ce, malamai sun halatta, ya yi kaffara. Manu ya ce shi bai rantse gaban lalura ba. Wannan dattijo, in ya kafe, gara ka yi gardama da turmi.

Ana haka sai ga Malam Jibrin, wani manomi daga can ƙarshen reshen Bakura, inda ruwa ke isa a gajiye. Siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ya gaida Alhaji, ya gaida Lantana, ya zo ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, har ya ce ya san Sallau, sun taɓa kwana layin injin casa tare. Sannan ya kwance wani tsumma ya ajiye tushen shinkafa a kan teburina. Ganyen ya naɗe kamar tsinken tsintsiya, ƙasar da ke jikin saiwar ta bushe ta farfashe.

"Ba ƙara na kawo ba," ya ce. "An ce kai ke gyaran. Na ce bari in kawo ka gani, ko Allah shi sa ka ƙara hanzari."

"Ana kan yi, Malam."

"Allah shi ba da sa'a. In ta samu ruwa cikin makon ga, rabi na iya tashi."

Da ne, da ko dai na kore shi da masifa don ya zuba mini ƙasa kusa da kwamfuta, ko kuma kunya ta kashe ni. A ranar sai na sa hannu na share ƙasar, na ce ya gaida gida.

Makon ya wuce. Lantana ta bari sai ranar da muka rage mu biyu a ofis. Mace ce mai baki, 'yar mahauta, kuma tare muka yi makaranta, ba ta jin tsorona ko kaɗan. Ta rufe ƙofa rabi ta ce, "Malam Hashimu, na ga ka gyara abin da ya fi wannan kafin shayi ya huce."

Na ci gaba da gangara layukan da ke fuskar kwamfutata.

"Ban ce ka yi laifi ba. In ni ce, wallahi ban san mi zan yi ba. Tambaya ɗaya gare ni. Shinkafar ga da ake ba ruwa, wa ya gan ta?"

"Tana nan."

"Wa ya gan ta? Kai? Ƙanen Kaltumi? Tun ranar da anka ɗauko gawa akwai wanda ya taka wurin?"

Babu. Kowa ji yake yi daga wani, wanin kuma daga wani. Ni kaina a fuskar kwamfuta nake ganinta, layi ɗaya da sunan Sallau da ranar dashe.

"Gani ya kori ji," ta ce, ta koma kujerarta.

Washegari da hantsi na hau babur. Ban gaya wa matata inda za ni ba. Ba jarumta ba ce, kada ku ba ni abin da ba nawa ba. Tsoron ne shi ma ya bi sahun sauran ya tafi. Na tsaya a mararraba na gaida Manu, yana zaune ƙarƙashin rumfar kara, wayarsa rataye a wuya cikin leda. Ranar Maradun ce, ƙofarta a ɗage, ruwa yana shiga da ƙarfi.

"Ina za ka, ɗan Malam?"

"Gonar Sallau, Baba."

Ya dube ni ya dubi hanyar. "Ba mai bin ta yanzu. In ka ji ƙaran babura, ka bar naka ka shiga kanal." Ya ƙara da cewa shi daga nan bai taɓa matsawa ba, aikinsa ƙofa ne.

Na bi gefen kanal. Gonaki dama da hagu, ba mutum, ba hayaƙi, ba ko mai korar tsuntsu. Ruwa kuwa yana tafiya tare da ni, cike, mai kyau, irin wanda mutanen Bakura za su yi sadaka in sun gani. Na wuce inda aka ce a nan aka tsinci gawar Sallau. Ban tsaya ba, ba abin gani a wurin sai ƙasa.

Gonar na gane ta da bishiyar giginya da ke kan iyaka. Ƙaramar ƙofar tana buɗe kamar yadda ya bar ta, da dutsen da yake tokare ta da shi, ruwa yana shiga yana bin fangali-fangali yadda ya tsara su. Shinkafa ce babu. An kiwace ta ƙasa-ƙasa, sai guntayen tushe da suka ruɓe cikin ruwa. Sawun kofato ko'ina, garke ne babba, irin shanun sata da 'yan bindiga suke korowa su bi da su ta nan. Na duba kashin shanun da ke kan kunya, ya bushe ya yi fari, har ciyawa ta huda shi ta fito. Wato ba jiya ba ne, ba makon jiya ba ne. Wataƙila tun kafin Alhaji ya kira ni ofis. Duk ruwan da na hana Malam Jibrin, kwaɗi na ba.

Na tsaya ina jira in ji wani abu. Na ce yanzu kuka zai zo, ko ihu, ko in ɗauki dutsen nan in yi jifa da shi. Ba abin da ya zo. Yunwa ma na ji, na tuna ban karya ba. Na shiga ruwan har gwiwa, na zare dutsen, na saki ƙofar ta sauka, na fito na hau babur.

Kafin la'asar ina ofis. Ban yi wa kowa bayani ba, na buɗe kwamfutata. Na ciro agogon daga cikin tagar Maradun na ba shi wurinsa shi kaɗai, ba ya jikin kowa. Na je inda manhaja ke karɓar saƙon rufewa, inda a da in ta ji Maradun ta yi magana sai ta kwashe kayanta ta tafi. Na sa ta riƙa tambaya wace taga ce, ta rufe wannan ɗin, ta cire ta daga layin ruwa, ta duba ko akwai saura. In akwai, ta ci gaba da zaman jira. Ba za ta tashi ba sai taga ta ƙarshe ta rufe. Na kuma sa ta tuna waɗanda aka rufe, don kada gobe da safe a kunna Maradun ta sake fitowa. Na gwada a tawa, na rufe wannan na buɗe wancan, na juya su ta kowace fuska, ba abin da ya faɗi. Ko kiran salla ba a yi ba na gama.

Na ɗora sabuwar a kwamfutar ofis. Tagogi uku suka fito a jere. Lantana ta dubi lakar da ta bushe a wandona. Ta tura mini maus.

"Aikinki ne," na ce.

"Yau dai kai ka danna."

Na kai kibiyar kusurwa na danna. Tagar Maradun ta tafi. Mafara da Bakura suka tsaya inda suke, ta Bakura ta yi kore. Can sai ɗan ƙaran fitar saƙo: Manu ya rufe Maradun, ya buɗe Bakura.

Alhaji Yari ya shigo ya gani, ya yi hamdala, ya dafa kafaɗata ya ce ya san aikin ba ƙarami ba ne, Allah shi yi albarka. Na ce amin. Na ce a kira Malam Jibrin a gaya masa ruwa na tafe, ya je ya gyara bakin gonarsa. Alhaji ya kau da kai. Lantana ce ta ce, "Shekaranjiya ya sa anka yanke shinkafar, ta riga ta ƙone. Masu kiwon turka sunka kwashe."

Na ce to. Na naɗe wayar caja, na sa kwamfuta a jaka.

A hanyar gida na yi ta tsara yadda zan faɗa. Na ce zan fara da cewa komai na Allah ne, sai na tuna ta ji wannan har ta ƙoshi. Na ce zan bari sai gobe, ko in sa matata ta gaya mata. Ina cikin wannan na iso ƙofar gida ban zaɓi ko ɗaya ba.

Na same ta ta ɗage labule saboda haske, tana zaune a bakin ƙofa daga ciki, buhuna tare a gabanta. Tsofaffi ne, tana bin su ɗaya-ɗaya da basilla tana toshe inda ɓera ya huda. Waɗanda ta gama ta ninke su gefe guda, sun yi tsayi. Na tsuguna. Muka gaisa, ina wuni, ina gajiya, ya haƙuri, haƙuri sai godiya. Idonta ya sauka kan wandona ya tsaya.

"Wannan baƙar laka ba ta Mafara ba ce," ta ce.

"A'a."

"Ka tahi?"

"Na je, Yaya."

"Ta fidda kai?"

"Babu shinkafa. Shanu sun cinye ta, tun tuni."

Basillar tana tsakiyar buhu. Ba ta ɗago ba, ba ta yi salati ba. Ta ci gaba da ɗinkin, tana sokawa tana jawo zare, har ta kai ƙarshen hudar. Ta ƙulle, ta sa haƙori ta yanke zaren, ta ninke buhun ta ɗora kan sauran. Sannan ta haɗa su duka, da waɗanda ta gyara da waɗanda ba ta kai gare su ba, ta turo mini su waje da hannu biyu.

"Na Taibatu maƙwabciyarku ne, aro na yi," ta ce. "Ni ba ni fita. Ka miƙa mata, an ce sun kusa girbi."